Haɗin lemu da attarugu na jiƙa nama, zai zauna a kwalba ba firij?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ajiye abinci a kwalba ku zo ku fitar da ni. Ina da wani haɗi da nake jiƙa kaza da kifi kafin na gasa, ruwan lemun zaƙi kofi 3, na lemun tsami kofi 1, tafarnuwa manyan kai 2, albasa 1, attarugu kamar guda 8, citta, gishiri, zuma kaɗan sai man zaitun rabin kofi, duk na markaɗe a bilenda. To na gaji da matse lemu kullum shi ne sati 3 da suka wuce na yi da yawa na tafasa na juye a kwalabe da zafinsa na rufe na kifa su a kan murfi har suka huce, duk murafen sun kama gam, na jera a kabad ɗin kicin. Guda 6 ne, na ba ƙanwar maigidana 2. Yau da safe ma na sake yin guda 5. Yanzu wata take ce min wai abin zai iya zama guba, ni kuma na ga abu ne ga tsami ga yaji ga gishiri, ta ina guba zai shiga?

Anti Balki: Wa alaikumus salam. Ke 'yar nan kwantar da hankalinki, mutanen yanzu komai guba ne a wajensu. Na fi shekara 10 ina kifa kwalba haka in na yi jam ɗin lemu, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi a gidana. In dai murfi ya lotsa ciki ya kama ai magana ta ƙare.

Zee: Ina bin wannan zancen don nima haka nake shirin yi.

Malama Hauwa: Wa alaikumus salam. Maman Ilham kafin komai, kar ki buɗe na sati 3 ɗin nan kuma kar ki ɗanɗana ko a kan yatsa, ki kira ƙanwar maigidanki yanzu ki ce ta dakata da nata. Na yau da safe kuma ki saka su a firij tukuna mu yi magana. Anti Balki ranki ya daɗe ba musu zan yi da ke ba, amma jam daban wannan daban. Jam 'ya'yan itace ne masu tsami da sukari mai yawan gaske, in ya lalace yawanci fumfuna za ki gani a sama ki zubar. Wannan haɗin akwai ɗanyar tafarnuwa da albasa da attarugu da mai a ciki, kuma abin da ake tsoro a nan ba ya nuna kansa.

Maman Ilham: Innalillahi, Malama kin tsorata ni. Mene ne ba ya nuna kansa?

Malama Hauwa: Wata ƙwayar cuta ce sunanta Clostridium botulinum, a ƙasa take rayuwa shi ya sa duk abin da aka tono ko ya taɓa ƙasa kamar tafarnuwa da albasa zai iya zuwa da ita. In ta ji wuya sai ta dunƙule ta shige wani ƙoƙo mai tauri kamar iri, a haka muna haɗiyarta a abinci ba ta yi wa babba komai. Matsalar ita ce wannan irin ba ya mutuwa a tafasa ta digiri 100 da muke yi a tukunya, kuma abu uku yake jira ya farka: wurin da ba iska, danshi da ɗumin ɗaki, da abincin da tsaminsa bai kai ba. Kin ga kwalbar da kika rufe gam kika aje a kabad ta ba shi na farko da na biyu kyauta. Wato murfin da ya kama da Anti take yabo, shi ne ma ɗakin da ƙwayar take so. Saura na uku kawai, tsami. In ta farka ta fara yaɗuwa sai ta zubar da dafi, kuma sau da yawa ba wari ba canjin kala ba kumfa, murfin ma zai iya zama lafiya lau.

Maman Ilham: To ai tsamin akwai Malama, wallahi in kika lasa sai kin runtse ido

Malama Hauwa: Harshe ba ma'auni ba ne ƙanwata. Ana auna tsami da lambar pH, in lambar ta yi ƙasa tsami ya yi yawa, kuma iyakar ita ce 4.6, ƙasa da haka ƙwayar ba ta iya girma. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 2 da ɗoriya, wannan ba matsala. Lemun zaƙi kuwa yana tsakanin 3 da wani abu zuwa 4 da 'yan kai, ya danganta da iri da nuna, kin ga ya matso kusa da iyaka kuma shi ne ya fi yawa a haɗinki. Tafarnuwa da albasa sun haura 5, attarugu ma sama da iyakar yake. Gaskiyar magana zai iya yiwuwa ruwan haɗin naki yana ƙasa da 4.6, ban ce ba. Amma ni ban sani ba ke ma ba ki sani ba, ga kuma mai, shi ne ya fi damuna, don yana lulluɓe gutsattsarin tafarnuwa ya hana tsamin ratsa cikinta kuma ya tare iska, sai ki samu ruwan kwalbar yana da tsami amma can cikin ɗan guntun tafarnuwar da mai ya naɗe babu.

Yaya Auwal: Ni fa ina ganin ana wuce gona da iri. Attarugu 8 a cikin abu wace ƙwayar cuta ce za ta rayu, mu kanmu da ƙyar muke sha

Malama Hauwa: Yaya Auwal yaji mu yake ƙonawa don muna da jijiyar da ke jin sa a baki, ita ƙwayar ba ruwanta. A 1977 a garin Pontiac na jihar Michigan a Amurka mutum 59 suka kamu da wannan cutar, kuma daga sos ɗin yaji ne da wani gidan abinci ya haɗa da barkonon jalapeno da aka rufe a kwalba irin ta gida ba bisa ƙa'ida ba. Barkono zalla fa. Ta tafarnuwa cikin mai kuma an yi a Vancouver ta Kanada a 1985, mutum 36, an sake yi a jihar New York a 1989, daga nan ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni masu sayar da tafarnuwa cikin mai su riƙa saka sinadarin tsami a ciki.

Yaya Auwal: Tab. Na janye.

Anti Balki: To naji, amma ai ta tafasa shi kafin ta zuba, kuma naman da za a jiƙa wuta zai hau. Ba an ce zafi yana kashe dafin ba? Na taɓa jin haka.

Malama Hauwa: Wannan gaskiya ne Anti, shi dafin ba kamar irin ba ne, tafasa ta minti 10 tana lalata shi. Amma ki duba yadda ake amfani da haɗin jiƙa nama, a sanyinsa ake zubawa, a cakuɗa da hannu, ya fallatsa a katakon yanka da wuƙa da tsumma, mai girki ta lasa ta ji gishiri ya ji ko bai ji ba, wasu ma su rage kaɗan su shafa a kan naman bayan an sauke. Kafin ya kai ga wutar ya bi ta wurare goma. Kuma dafin nan ɗan mitsitsi ya isa. Ni dai ba zan ce wa kowa ta tafasa ta ci ba a kan lemu da tafarnuwa.

Ummu Khalid: Bari na sa baki tunda aikin jinya nake. Abin da ya sa cutar nan take yaudarar mutane, ba kamar gurɓataccen abincin da muka saba ba ne da za a yi ta gudawa da zazzaɓi, ita jijiyoyi take kamawa kuma daga sama take farawa ta gangaro. Mutum zai ce yana gani biyu-biyu ko dishi-dishi, fatar ido ta riƙa saukowa kamar mai jin barci, baki ya bushe, magana ta karye, haɗiya ta yi wuya, daga nan hannu da ƙafa su mutu, in ta kai ƙirji numfashi ya gagara sai da na'ura. Yawanci ba zazzaɓi kuma mutum yana cikin hayyacinsa. Alamun sukan fito tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan ci amma za su iya jinkiri har kwana 10. Akwai allurar karya dafin, sai dai ita tsayar da ci gaban take yi ba ta gyara abin da ya riga ya shanye, shi ya sa duk wanda ya ga haka asibiti kai tsaye, a faɗa musu an ci abin kwalba na gida, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Zee: Subhanallah. To Malama in aka saka kwalaben a tukunyar firesha, mai dafawa da matsin tururi ɗin nan fa? Ina da ta lantarki har da maɓallin da aka rubuta na kwalba ne

Malama Hauwa: Zee akwai tukunyar firesha ta musamman ta wannan aikin, babba ce wadda take ɗaukar aƙalla kwalba 4 masu kusan lita ɗaya a tsaye kuma tana da ma'aunin matsi, ita ce take kai zafi digiri 116 wanda yake kashe irin. Da ita ake rufe nama da wake da ganye. Ƙananan na girki da na lantarkin nan masu binciken lafiyar abinci ba su amince da su ba a wannan aikin komai abin da aka rubuta a maɓalli. Amma ko kina da babbar ma tambayar ita ce minti nawa? Wannan lokacin ba ƙiyasi ake yi ba, a ɗakin gwaji ake sa na'urar auna zafi a tsakiyar kwalba a ga yaushe zafin ya kai can, kuma kauri da mai da girman kwalba duk suna canza shi. Haɗin Maman Ilham nata ne ta ƙirƙira, ba wanda ya gwada. Balle ruwan lemun da ya sha digiri 116, ba za ki so ɗanɗanonsa ba.

Malam Sabo: Salam. Ni ina da mitar pH da nake duba ruwan kifayena, in na tsoma a irin wannan haɗin na ga 3.8 misali shike nan na tsira ko?

Malama Hauwa: Malam ka fi wanda ba shi da ita nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi. Sai ka saita ta da ruwan gwajinta na 4 da na 7 a ranar, don mitar da ta kwana biyu ba saiti ƙarya take yi. Sai ka markaɗa samfurin da ruwa da tsaki gaba ɗaya ya yi laushi, a ɗumin ɗaki, kuma ka sake aunawa washegari don kayan miyan suna shan tsamin a hankali lambar tana hawa. Takardar nan mai canza kala kuma a haɗin da attarugu ya riga ya rina ja, ido ba zai iya karanta ta daidai ba. Duk da haka mitar rabin amsa ta ba ka, ta gaya maka tsami ba ta gaya maka tsawon dafuwa ba, kuma mai yana dagula karatun nata.

Maman Ilham: Na dawo. Na samu ƙanwar maigidan nawa, wai ta buɗe ɗaya tun kwana 8 da suka wuce ta jiƙa kaza sun gasa sun cinye, kowa lafiya ƙalau, ragowar tana firij ɗayar kuma ba ta taɓa ba. Ta ce dai ya ɗan yi ɗaci ba kamar wanda nake yi sabo ba. Jikina har rawa yake wallahi

Anti Balki: To kun gani. Alhamdulillah. Ni dama na faɗa.

Ummu Khalid: Alhamdulillah, kwana 8 ba komai alama ce mai kyau sosai. Ki ce dai ta sa ido zuwa jibi musamman yara, kuma ragowar ta firij ɗin kar a ƙara amfani da ita.

Malama Hauwa: Alhamdulillah. Anti Balki wannan kwalba ɗaya ce a cikin 6, kuma ita ƙwayar ba kowace kwalba take faɗawa ba, tukunya ɗaya za a juye wata ta samu irin wata ba ta samu ba, wata guntun tafarnuwarta ya fi girma, kuma ta kwana 13 ce lokacin da aka buɗe, sauran yanzu sun kai 21 a ɗumi. Shi ya sa mutum zai shekara 10 yana yi lafiya har ya ɗauka hanyar ce mai kyau. Ɗacin kuma Maman Ilham ba alamar dafi ba ne kar ki haɗa su, wani sinadari ne a lemu sunansa limonin, ba ya ɗaci a cikin ɗan itacen sai an matse ruwan ya zauna, zafi kuma yana hanzarta shi, in farin ɓawon ciki da 'ya'yan sun shiga bilenda abin ya ƙaru. Kin ga ko ba maganar lafiya tafasawar tana ɓata miki haɗin da kika sha wahala a kai.

Maman Ilham: Haba shi ya sa, ni ma da na tafasa na yau na ji ƙamshin lemun ya gudu. To yanzu ya zan yi da su duka?

Malama Hauwa: Na yau guda 5 ba su kai awa 24 ba kuma kin sa a firij, waɗannan sun tsira. Ki juye a robar ƙanƙara mai gida-gida ko ƙananan ledojin firiza daidai na jiƙa ɗaya ɗaya ki daskarar, wata 3 zuwa 4 garas, in za ki yi amfani ki sauko da shi firij ya narke. In a kwalbar za ki daskarar ki rage sarari a sama don yana kumbura ya fasa gilashi. Wanda za ki bari a firij kawai kar ya wuce kwana 4 saboda tafarnuwa da man. Na sati 3 kuma guda 4 na wajenki da na wajenta, waɗanda murfinsu yake rufe kar ki buɗe don ki ceci kwalba, ki sa a leda mai kauri ki ɗaure ki jefa a shara inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Wadda aka buɗe ko wadda ta yi yoyo a sa safar hannu a nutsa ta da murfinta a tukunya ruwa ya rufe ta a tafasa minti 30 sannan a zubar, inda ya zube a jiƙa da bilic kashi 1 ruwa kashi 5 a bar shi minti 30 kafin a goge, tsumman ma a jefar.

Hajiya Rabi: Ni ina karantawa tun ɗazu. Malama to kenan ba a rufe sos mai tsami da yaji a kwalba kwata-kwata? Don firizata ba wuri kuma ina son na riƙa ba da kyauta.

Malama Hauwa: Ana yi Hajiya sosai ma, amma da resipin da aka gwada, kamar na ma'aikatar noma ta Amurka ko na cibiyar adana abinci a gida da ke Jami'ar Georgia, suna da na sos ɗin barkono da na salsa, wato sos ɗin tumatir da barkono da albasa, kala-kala, kuma a bi shi kamar ma'aunin magani. Za ki ga suna cewa ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan lemun tsami na kwalba na kanti don shi tsaminsa a daidaite yake ba kamar wanda muka matse ba da yau kaifi gobe lami. Abin da za ki iya taɓawa kaɗan ne, busassun kayan ƙamshi, ko ki musanya barkono mai sanyi da mai zafi a ma'auni ɗaya, amma ba a ƙara albasa ko tafarnuwa, ba a rage tsami, ba a sa fulawa ko sitaci don kauri, ba a ƙara mai. Aikin kuma ba kifa kwalba ba ne, ba kuma saka ta a oben ba. Kwalba mai murfi biyu, faifai da zobe, faifan sabo kowane lokaci, ki zuba da zafi ki bar sararin da resipin ya ce wanda a irin salsa yake wajen santimita ɗaya da ɗan ɗori, ki zagaya da siririn abu na roba ki fitar da kumfar iska, ki goge bakin, ki ɗaura zoben daidai ƙarfin yatsu kar ki murɗe da ƙarfi, ki jera a kan waya a gindin tukunya kar gilashi ya zauna kan ƙarfe, ruwa ya haura murafen da santimita 3 zuwa 5, kuma lissafin minti yana farawa ne sai ruwan ya tafasa sosai ba lokacin da kika kunna wuta ba. In garinku yana kan tudu sama da mita 300 daga teku ana ƙara lokaci don ruwa yana tafasa kafin ya kai digiri 100, resipin zai nuna miki nawa. In lokaci ya cika ki kashe wuta ki buɗe tukunyar ki jira minti 5, ki ciro a tsaye ki aje kan tawul kar ki taɓa awa 12 zuwa 24, sannan ki cire zoben ki danna tsakiyar faifan, in ya motsa bai kama ba sai firij. Ki rubuta kwanan wata, a cinye cikin shekara.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri, na kwafe. Amma ni kam ɗanɗanon tafarnuwa da man ne daɗin abin

Malama Hauwa: Ranar girkin sai ki daka tafarnuwarki ki zuba manki a kan abin da kika buɗe Hajiya, minti 2 ne, kuma ta fi ƙamshi a haka. In kyauta ce ki rubuta a jikin kwalbar a ƙara kaza da kaza.

Zee: Wata tambaya, ruwan da ya rage bayan an tsame kazar ana iya mayarwa firiza don wani karon?

Ummu Khalid: A'a Zee, ya taɓa ɗanyen nama. Ko ki tafasa shi sosai a lokacin ki yi sos da shi ko ki zubar. Kuma a firij ake jiƙa nama ba a kan tebur ba, a gilashi ko roba ko silba mara tsatsa, kwanon alminiyam tsamin yana cin sa.

Anti Balki: To Malama jam ɗin nawa fa, shi ma sai na daina kifawa kenan? Don ni ban da wannan kwalba mai murfi biyun, na kanti nake wankewa.

Malama Hauwa: Jam ɗinki ba ya cikin haɗarin da muke magana Anti in dai lemu ne da sukari, amma kifawar ba ta hana fumfuna kuma murfin kanti robar cikinsa sau ɗaya aka yi ta ta kama. Ki dafa kwalaben a ruwa minti 10 zai fi daɗewa.

Anti Balki: Hmm. Zan gani.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Malama, Ummu Khalid na gode. Na ɗaure guda 4 ɗin a leda biyu maigida ya fita da su, ita ma na tura mata yadda za ta yi da nata. Na cika robar ƙanƙara 3 saura kwalba 2 ba wuri, gobe kaza za a ci dole. Amma robar nan anya za ta sake yin ƙanƙarar sha kuwa, duk ta ɗauki tafarnuwa

Hajiya Rabi: Ba za ta yi ba, ki bar mata aikin kawai ki sayi wata. In sun daskare ki ɓalle su ki juye a leda ki samu wurin sauran biyun.